San Huɗar da Waya Ta Cinye

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Yasore sai godiya, sai dai ƙafar Inna har yanzu tana damunta.

Maganar ƙanenmu Lawal ce ta sa na rubuto maka. Wani talla ya gani a waya, wai ka sa kuɗi kaɗan ka danna, ka ci sabuwar mota. Na ce masa caca ce, ya ce a'a, garaɓasa suka rubuta. Kullum sai wayar ta nuna masa saura kaɗan ya ci. A kan wannan saura kaɗan ɗin ya ja ɗaya daga cikin shanun huɗarmu biyu zuwa kasuwar Batsari, ya sayar ya zuba kuɗin a wayar, ba da sanin kowa ba. Yaya, shanun da muka sha wuya muna ɓoye wa ɓarayin daji! Ko tayar mota bai gani ba.

Ga damina ta sauka, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Ka kira shi, ni ko kallonsa ba na son yi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara. Inna ma tana gaishe ka. Ta tafi gona da fartanya, tana ɗingishi.

Ƙanwarka,
Binta