Kwalaben Kaska a Hannun Kwastan

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu a Jibiya lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Mujallar masana dabbobi ta ce ba za ta buga bincikena kan kaskar shanu ba sai sun ga kaskar da idonsu. Na ɗebo ta daga Maraɗi cikin kwalaben sifirit, ruwan da ke hana ta ruɓewa, sai 'yan kwastan suka shinshina suka ce giya na shigo da ita, suka ƙwace. Ni, Yaya! Sun bar kwalaben a buɗe cikin rana. In ruwan ya ƙafe, aikina ya tafi.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Baba, amma don Allah kada maganar giyar nan ta kai kunnensa.

Ƙaninki,
Lawal