Bidiyon Baba a Gonar Tumatir

Bunkure, ranar Litinin.

Zuwa ga Yayana Mudassiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, karatun Ilori kuma yana tafiya daidai. Mu nan sai godiya. An gama yankan shinkafa, buhuna sun cika ɗakinka har bakin taga.

Yaya, akwai matsala. Ranar Alhamis za a kai Inna Kano a cire mata yanar ido. Likita ya ce aikin ba shi da wuya, amma ka san halin mahaifiyarka, ta sa wa ranta ba lallai ta sake gani ba. Ta rantse ba za ta shiga mota ba sai ta kalli bidiyon marigayi Baba, wanda ka ɗauka a gonar tumatir.

Bidiyon yana cikin tsohuwar kwamfutar nan marar allo da ka mayar rumbun hotunan gida. Na buɗe laftof ɗina don in jawo shi kamar kullum, sai ta ce wai ba ta ga kwamfutar gida ba. Na kashe na kunna, na sa kalmar sirri har na fara zargin yatsuna. Intanet kuwa yana aiki sarai. Kai da ka ce tsarin nan ko akuya za ta iya sarrafa shi, to ƙanwarka ta kasa. Ka yi sauri ka amsa, wallahi hankalina a tashe yake.

Ƙanwarka,
Khaulat.

Bunkure, ranar Laraba.

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya baƙunta? Albishirinka!

Na duba sunan wayifai kamar yadda ka ce. Ashe intanet ɗin wayata laftof ɗin ta kama, shi ya sa ba ta ganin kwamfutar gida. Wayifan gida kuwa ko sunansa bai fito ba. Na shiga ɗakinka ina tsallake buhuna, na nemi rauta, ɗan akwatin da ke ba da wayifan, na rasa. Sai ga daron ƙarfe na wanki a kife kan tebur, an danne shi da dutse. Ina ɗagawa na gan ta a ƙarƙashi, tana ta ƙifta fitilunta ita kaɗai.

Aikin Inna ne. Ta ce duk shekara ɓeraye suna biyo sabuwar shinkafa, ita kuwa ba za ta bari su ci akwatin da Baba yake ciki ba, sai ta rufe shi yadda take rufe tuwo. Na yi dariya har na zauna kan buhu. Ban gaya mata cewa rautar ta rufe, ba kwamfutar da Baba yake ciki ba.

Da na cire daron, wayifai ya dawo, hotuna suka bayyana gaba ɗaya. Na kai mata laftof ɗin tsakar gida, ta matso da fuskarta dab da allon. Ga Baba nan tsamo-tsamo a bakin kwata, wando a nannaɗe, yana mitar an yi jinkirin sako ruwa. Inna ta kama dariya, wai mutumin nan har yau bai daina mita ba. Da ya juyo ya yi sallama, sai ta gyara mayafinta ta amsa masa. Ni dai kuka na yi, Yaya, amma na daɗi.

Yau da kanta ta haɗa jakarta, har tana tambaya ko direba ya san da sassafe za a tashi.

Ka sa ta a addu'a gobe. Kowa yana gaishe ka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Khaulat.