Tafintan Makarantarmu Ya Amsa Laifin Da Ban Yi Ba

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa a kore ni daga makaranta. Ni kurma ce, shekarata goma sha bakwai, ina aji biyar na sakandare. Mu uku ne kurame a duk makarantar, kuma tafinta ɗaya gare mu, wani dattijo da ke tsayawa gefen allo yana mayar mana da darasi zuwa maganar hannu. A da ina ganin girmansa. Yanzu ko takalminsa na hango a bakin ƙofa sai raina ya ɓaci.

Ga abin da ya faru. Ba na iya rubutu lokacin darasi, domin idona na kan hannunsa, in na sunkuya darasi ya wuce ni. Don haka kullum nakan ari littafin yarinyar da muke kujera ɗaya in kwafi bayanin. Ita kuma ranar nan ta ari aikin gidana na Bayoloji, wai za ta duba yadda na zana zuciya. Ashe kwafewa ta yi kaf. Malamin Bayoloji ya ga aiki biyu iri ɗaya, kuma ya san wadda ta saba aron littafi, sai ni aka kira ofishin malamai.

Anti, na yi bayani har hannuna ya gaji. Na ce aikina ne, kwana uku na yi a kansa, a kira ta a tambaye ta. Ina kallon bakin tafinta yana motsi, ya rusuna, malamin yana gyaɗa kai. Na fito ina murna. Washegari sai ga sifili da jan biro, an kuma cire ni daga masu wakiltar makaranta a gasar kimiyya. Wata ƙawata da ta kai littattafai ofis a lokacin ce ta rubuto mini a takarda tana tambayar me ya sa na amsa laifin. Ashe abin da mutumin nan ya faɗa da sunana shi ne wai ina ba da haƙuri, ba zan sake ba.

Da na tare shi ko kunya bai ji ba. Wai ɗalibi ba ya musu da malami, wai ya cece ni ne daga dakatarwa. Wa ya aike shi? Sau nawa ya yi mini haka ban sani ba? Yau kwana huɗu ban kalli hannunsa ba, tagar aji nake kallo har a tashi. Ina so in tara sauran biyun mu rubuta a sallame shi. Amma in ya tafi babu wani, ga jarrabawa saura wata biyu. Na tsane shi, Anti.

Ɗalibar kujerar gaba

Ƙanwata,

Fushinki yana kan hanya. An ɗauki tafintan aiki ne ya isar da abin da kika faɗa, da zafinsa da komai. Ba waliyyinki ba ne, ba shi da ikon ba da haƙuri a madadinki, balle ya amsa miki laifi. Na yarda tsoro ne ya sa shi. Mutanen zamaninsu sun tashi a kan cewa yaro a gaban babba haƙuri kawai yake bayarwa, kuma wataƙila ya taɓa ganin an kori ɗalibi kan musu. Wannan ya bayyana dalilinsa, amma bai wanke shi ba.

Sai dai kallon tagar nan ki daina shi gobe. Kwana huɗu na darasi kika rasa, shi bai rasa komai ba.

Kin iya rubutu, wasiƙarki shaida ce. Ki rubuta wa malamin abin da ya faru, gajere, babu zagi, ki haɗa da takardun da kika fara gwada zanen a kansu, ki miƙa masa hannu da hannu. Ki roƙi a zaunar da ku ke da yarinyar, kowa ta sake zanen a gabansa. Sannan ki je wa shugaban makaranta tare da mahaifinki ko mahaifiyarki, ki nemi abu biyu: tafintan ya gyara maganarsa da bakinsa a gaban malamin, kuma daga yanzu duk abin da ya faɗa da sunanki ya maimaita miki shi da hannu nan take.

Takardar neman a sallame shi ki ajiye ta tukuna, domin ba ke kaɗai za ta taɓa ba, akwai 'yan'uwanki biyu. In ya ƙi gyarawa, ku nemi a samo wani kafin a sallame shi, ni ma zan taya ku rubutawa.

Ki hanzarta tun ba a rufe sunayen gasar ba. Allah ya wanke ki, ya ba ki sa'a.