Kujera a Layin Gaba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Yaya ƙafar tasa? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, direban motar burodi ya ce ba zai jira ni ba.

Mun gama jarrabawa, ban da lissafi, shi kam shi ya gama da mu. Yanzu makaranta ta rikice da shirin ranar rufe zango. 'Yan ƙungiyar muhawara sun je gasa sun kwaso mana kunya: babbar mai maganarsu ta manta ɓangaren da take karewa, ta yi ta goyon bayan abokan hamayya har aka kaɗa ƙararrawa. 'Yan ƙungiyar lambu kuwa tun farkon zango suke ban ruwa, akuyar mai gadi ta shiga ta girbe musu a yini ɗaya.

To ga babban labarin. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ce za ta rufe taron, kuma ni aka zaɓa alƙaliya! Ni zan zauna a tsakiya da guduma in yanke hukunci. Matsalar ita ce da aka buɗe akwatin kayan wasa, ɓeraye sun riga mu. Malamarmu ta rasa yadda za ta yi, sai na ɗaga hannu na ce na san wadda za ta ɗinka. Don Allah Yaya kada ki ce a'a. Ga yadi nan da awonmu a hannun direba. Tawa baƙar doguwar riga ce mai faɗin hannu.

Duk wadda ke cikin wasan za a ba ta kati ɗaya na kujera a layin gaba, inda iyaye ke zama. Tun da Baba ba zai iya doguwar tafiya a mota ba, katina naki ne.

Ki gaishe min da Baba sosai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso tare da yadin, duk suna ƙanshin burodi. Baba da sauƙi, yana takawa har bakin ƙofa. Ya ce in gaya miki idan kin hau kujerar shari'a ki fara da ɗaure akuyar nan.

Ke dai ba kya doguwar wasiƙa sai da dalili, tun daga kan akuya na san akwai abin da ke tafe. Wa ya auna ku ne? Akwai wadda aka rubuta ƙugunta ya fi tsawonta. Na gyara da ido, in ta yi mata yawa ta ɗaura igiya. Uwar ɗakina a shago ta bar min keken ɗinkin baya, wannan mai tsallake zaren, ta ce in yi naku idan na sallami aikin mutane. Haka nake yi, ina taka shi ina lallashinsa.

Rigarki na fi ɓata wa lokaci. Na bar rara a kalmasar ƙasa kamar yadda nake bar miki a yunifom, don na san ki, kafin ranar kin ƙara tsawo. Sama-sama na kama ta da zare, don haka ki ɗaga ta in za ki hau mataki, kada ki taka.

Maganar kujera kuwa, ba zan ɓoye miki ba, na yi murna har na soke yatsa. Tun da na bar aji huɗu, shekarar da Mama ta rasu, ban sake shiga zauren taro na makaranta ba. Duk zuwan da nake yi wurinki, a bakin ƙofa nake tsayawa in miƙa miki kaya in juya. Na yanka wa kaina shuɗiyar riga, yadin da na daɗe ina ɓoyo. Ranar ba ni ba allura. Zan zauna in harɗe hannu kamar matar wani babba, in tafa miki har tafina ya yi ja.

Ki ci abinci, ki bar yawan surutu kada murya ta dishe.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kaya sun iso, kowa sai yabawa yake. Malama ta juya rigata ciki da waje ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai tsabta haka ba. Ƙawata da muke ce wa 'Yar Likita, wadda ke fitowa a lauya, ta ce ko telan mamanta bai kai nan ba.

Game da zuwanki, na yi tunani. Hanyar da nisa, ga zafi, ga Baba shi kaɗai a gida. Taron ma yawancinsa jawabi ne, shugabar makaranta kaɗai sai ta cinye rabin yini. In kin ga zai yi miki wahala, wallahi ba zan ji haushi ba, za a ɗauki hotuna in kawo miki.

In kuma kin ce sai kin zo, katin bai fito ba tukuna. Ki tsaya a ƙofar zaure, zan zo in same ki.

A gaida Baba.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, don haka aka koya mana fara wasiƙa. Na iso gida lafiya. Na bari sai da na huce kafin in rubuto, sai na ga hucewar ba ta da ranar zuwa, gara in rubuta haka nan.

Na tsaya a ƙofar zaure kamar yadda kika ce. Iyaye suna ta wucewa da katinsu, ni ina matsawa gefe ina ba su hanya. Da na ga an fara jawabi ba ki zo ba, na ce wataƙila aiki ya riƙe ki, na tambayi wata yarinya ta nuna min bayan dandamali. Can na same ki. Na fara ganin fuskarki kafin in ga rigar, kuma na ga yadda ta canza, amma na ce tsoron fita gaban jama'a ne.

Sai idona ya sauka ƙasa. Kin taka kalmasar, ta warware tana jan ƙasa. Na rantse ba ni ba allura ranar, amma hannuna bai ji rantsuwar ba. Kafin in yi tunani na durƙusa da sabuwar rigata a kan siminti, na zaro fil daga jikin jakata na jera a baki, na kama naɗewa. Tun kina 'yar ƙarama haka nake miki, ban san akwai wurin da ba a yi ba.

A haka Malamarku ta shigo, da 'Yar Likita da mamanta. Malama ta ce, “Wace ce wannan baiwar Allah?” Na ji ki da kunnena, kaina na daidai gwiwarki. Kika ce, “Telar gidanmu ce, Malama.”

Fil na bakina, Auta. Ko na so magana ba hali. Na ɗago na dube ki, ke kina duban bango. Na jira ki ƙara ko kalma ɗaya, ba ki ƙara ba, sai na sunkuya na ƙarasa kalmasar, don ba a barin aiki rabi.

Malamarku mutuniyar kirki ce. Ta yi ta sa min albarka, ta ce Allah ne ya kawo ni, in zauna nan bayan labule ko wani abu zai sake yagewa. Ta sa aka kifa min bokiti na zauna. Daga nan na ji wasanku. Na ji muryarki, na ji bugun gudumar, na ji jama'a na dariya ban san abin da ya ba su dariya ba. Da na leƙa ta tsagar labule, bayanki kawai nake gani, da layin gaba. An manna sunan kowace yarinya a kujerar iyayenta. Na ga taki. Wata mata ce a kai, mai kama da maman ƙawarki, tana ta latsa waya, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba. Ashe katin ya fito.

Ban jira rabon kyaututtuka ba, na bi ta ƙofar baya.

Baba na zaune a bakin ƙofa yana jirana. Ya ce, “Ya aka yi? Ba ni labari tun daga farko.” Na ba shi, abin da na ji da kunne na mayar masa kamar na gani. Ya ce, “Ta gan ki dai ko?” Na ce ta gan ni.

Abin ya yi min ciwo, kuma ina so ki sani. Ban bar makaranta don ki gode min ba, ban taɓa goranta miki ba. Kujerar nan kaɗai na sa rai da ita, ke ce kuma kika sa min ran.

Allah ya ba ku sa'ar darasin hutun da aka ce 'yan ajinku za su tsaya yi.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki a banɗaki don kada a ga ina kuka.

Amma ke ma ki saurare ni. Ba ki san makarantar nan ba. Akwai yarinyar da aka gano babanta mai gyaran takalmi ne, har yau tsofaffin silifa ake jibge mata a kan gado. Ni kuma sai bana na samu aka fara kirana cikin mutane. 'Yar Likita ta roƙe ni katin saboda gwaggonta, a gaban kowa, ta yaya zan ce a'a? Na yi niyyar in nema miki wuri a baya, ko a tsaye ne, ai ana gani.

Kuma wa ya ce ki durƙusa? Da kin tsaya a tsaye cikin shuɗiyar rigar nan, wallahi da na ce Yayata ce, don ta yi miki kyau. Amma suka shigo suka same ki a ƙasa da fil a baki. Me kike so in ce? Ai ba ƙarya na yi ba, ke ce ke mana ɗinki.

Ki yi haƙuri dai. Idan na gama na samu aiki, duk wannan zai wuce, zan saya miki keke sabo. Ba ki tsaya ba, da kin ga an ba ni kofin gwarzuwar wasa. 'Yan muhawara ba su samu komai ba, 'yan lambu kuma an ba su takardar yabo saboda haƙuri.

Ga yunifom ɗina nan a hannun direba, ya ɗage min, shugabar ɗalibai ta fara magana. Don Allah ki sake shi kafin a koma. Kada ki gaya wa Baba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Malama Tela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina miƙa godiya a madadin ƙungiyar wasan kwaikwayo bisa kyakkyawan aikin da kika yi mana, da kuma zaman da kika yi a bayan dandamali ranar taro. Na neme ki bayan an tashi ban same ki ba.

Shugabar makaranta ta yaba da ɗinkin ƙwarai, har ta amince a ba ki aikin kayan 'yan ƙungiyar waƙa da na 'yan fareti na zango mai zuwa. Idan kin amince, za ki zo makon farko ki auna ɗaliban da kanki, kasancewar awon da suka yi wa junansu bai yi kyau ba.

Ɗalibarmu da ta haɗa mu da ke, wadda ita ma tana cikin 'yan waƙar, ta shaida mana kin daɗe kina yi wa gidansu aiki kuma ba su taɓa samun ki da matsala ba. Wannan shaida ta ishe mu.

Sai na ji daga gare ki ta hannun direba. Ki huta lafiya.

Malamar ƙungiyar wasan kwaikwayo

*

Auta,

Gaisuwa. Ga yunifom ɗinki. Na saki kalmasar har ƙarshe, rarar da na bari ta ƙare, daga wannan ba abin da zan iya ƙarawa.

Baba bai sani ba, ba zai sani daga bakina ba.

Malamarku ta rubuto, na gode da shaidar da kika yi min. Na karɓi aikin. Zan zo makon farko da tef a wuya, ku jeru in auna ku ɗaya bayan ɗaya. Idan layi ya zo kanki kada gabanki ya faɗi. Ki miƙe tsaye ki buɗe hannu kamar kowa, zan tambaye ki sunanki in rubuta.

Ki huta lafiya.

Telar gidanku