Ɗan'ikko Ya Ƙi Gwanda

Unguwar Gobarau, Katsina
Afrilu, 1999

Zuwa ga ɗiyata Rashida, Uwata mai sunan tsohuwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Abbas da yara, da sanyin Jos da aikin asibiti. Mu nan sai godiya, illa zafi da ya hana ko ƙadangare fita da rana.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akun mahaifiyarki, Ɗan'ikko. Kin san duk magariba in ta sauke tuwo takan ɗaga murya ta ce, "Malam, an sauke!" don a kai mani zaure. Kin san kuma yadda wanga tsuntsu ya kwashe maganar, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe. Tun da Allah Ya karɓi Delu cikin azumi bai fasa ba. Magariba na yi sai in ji ta. Ban faɗa wa kowa ba, amma nakan katse lazimi in saurara.

To, yanzu ya yi shiru. Ya kuma kama tsige gashin ƙirjinshi har ya koma kamar kazar da aka fige. Kada ki ce ban kula da shi ba. Abin da na ci shi yake ci: biredi a tsoma a shayi, soyayyar gyaɗa, in na fasa goro ma sai na ba shi ɓari. Sarki ma iyakarta ke nan.

Gari ya cika da hotunan 'yan siyasa, wai soja za su koma bariki. Kowa ya zama mai baki, sai wanda aka sani da surutu ne ya rufe nashi. Ki tambayar mani masu ilimin abin a can.

Allah Ya yi maki albarka.
Mahaifinki, Sammani

*

Jos
Mayu, 1999

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kana lafiya. Ya zafi, ya ƙarin haƙurinmu? Abbas da jikokinka suna gaisuwa.

Baba, takardarka ta sa ni dariya, daga baya kuma ta sa ni kuka a ɗakin hutun ma'aikata. Goro, Baba? Ɗan'ikko ya zama dattijon unguwa ke nan.

Na sami wani likitan dabbobi, maƙwabcinmu. Ya ce shayi da goro guba ne ga aku, gishirin gyaɗa kuma yana cinye shi a hankali, shi ya sa yake tsige gashi. Ya ce a ba shi gwanda, mangwaro, gwaiba, karas, ganyen zogale, dafaffen wake ba gishiri, har jan barkono, wai su ba sa jin yaji. Kada a canza masa rana ɗaya. A fara haɗa sabon da ɗanyar gyaɗa kaɗan, a riƙa ragewa. A ba shi da safe, lokacin yana jin yunwa.

Ya ce in ya sami ƙarfi maganar za ta iya dawowa. Na tambaye shi ko muryar Iya ce za ta dawo, ya ce wannan sai Allah.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ka ce abin da ka ci shi yake ci. Baba, biredi da goro kake ci? Ina tuwo?

Ka yafe mini in na yi rashin kunya.
Ɗiyarka, Rashida

*

Gobarau, Katsina
Yuni, 1999

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direba. Lafiya lau muke, an fara yayyafi.

Na bi umarnin likitanku. Da ƙafata na je Babbar Kasuwa, na tsaya gaban mai kayan gwari da furfurata ina zaɓen karas. Ya ce, "Malam, amarya aka yi ne?" Na ce mashi ango dai, mai jan bindi.

Na yanka gwanda ƙanana na zuba a gwangwaninshi. Ya dube ta, ya dube ni, sannan ya ɗauki yanka ɗaya-ɗaya yana jefowa ƙasa, ba gaggawa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Gyaɗar ya tsince ya cinye. Mangwaro ma haka, zogale ko kallo bai ishe shi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na juya mashi baya. Wanga tsuntsu taurin kan Delu gare shi, Allah Ya jiƙanta.

Ranar da aka miƙa mulki na kunna rediyo kusa da kejin, ko hayaniyar za ta motsa shi. Waje ana ta ganguna da hon ɗin babura, cikin gida ni da shi muka yi zugum har la'asar.

Zan faɗa maki gaskiya, ina jin tsoro. Ba mu da kaset ɗin muryarta, hotonta ma ɗaya ne, na fasfon Hajji. In tsuntsun nan ya mutu da maganar a cikinshi, ji zan yi an sake fita da ita daga gidan nan.

Batun tuwo kuwa, ni ba yaro ba ne. Ki ji da marasa lafiyarki.

Mahaifinki, Sammani

*

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
Yuni, 1999

Ɗiyata Rashida,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Innarki Sabuwa, ƙanwar uwarki, da rubutuna na yaƙi da jahilci, ki yi haƙuri da shi. Ina gajiya, ina yara, ina mai gidan?

Ba lahiya ta sa na rubuto ba. Na tahi gidanku na ga Malam, wallahi riga ce ke yawo da shi. Tun rasuwar Yaya nike aika mashi da tuwo, sai ya ce a kai ma maƙwabta, wai ya ƙoshi. Ƙaryar ƙoshi!

Kin san ciyayyar da suke yi a zauren Malam Gwadabe bayan magariba, kowane magidanci a hiddo da kwano daga gidanshi a haɗu a ci. Tun kahin a haihe ki yake zamanta. To ya daina zuwa. Gwadabe ya yi aike har ya gaji. Da na matsa mashi sai ya ce, "Sabuwa, da wane kwano? Gidan da ba a hura wuta mi zai hiddo?" Na ce ga nawa. Ya ce shi ba ya zuwa cikin mutane da kwanon aro.

Yanzu yini yake tsakar gida gaban keji, shi ya rame, tsuntsu ya rame, suna kallon juna. In kina da dabara ki yi, ke kaɗai yake jin maganarki. Kar ki ce ni na hwaɗa.

Innarki, Sabuwa

*

Jos
Yuli, 1999

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan alheri. Ya damina?

Baba, na tuna wani abu da kai ba za ka sani ba, domin a zaure kake cin abinci, mu muna ciki. Iya ba ta taɓa zuba wa Ɗan'ikko abinci a gwangwani ba. Kujerarta 'yar tsugunno take jawowa gaban keji, ta gatsi gwanda tana lumshe ido, tana cewa, "Kai, daɗi! Ba zan ba kowa ba." Shi kuma ya yi ta zarya yana miƙo wuya, sai ta bari kamar ya ƙwace. Abin da bai gani a bakinta ba, ba ya taɓawa. Na faɗa wa likitan, ya ce haka halinsu yake, a daji cikin garke suke ci, kowa na kallon bakin ɗan'uwansa.

Saboda haka Ɗan'ikko ba zai ci gwanda ba sai ka ci. Ba zai ci wake ba sai ka ci, kuma ci na gaske, don yana gane na wasa.

Na roƙi Inna Sabuwa ta riƙa dafa wake da shinkafa da zogale, ta ware nasa kafin ta sa gishiri. Ga kwanon Iya mai fure can a kan kabad, a riƙa kai mata tana zubowa a ciki. Wannan ai kwanon gidanka ne, ba na kowa ba. In da hali kuma a fita da kejin zauren Baba Gwadabe. Aku ya fi cin abinci cikin taro.

Don Ɗan'ikko nake roƙo, Baba.
Ɗiyarka, Rashida

*

Gobarau, Katsina
Agusta, 1999

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na san bakin da ya kai magana Jos, ki ce mata na gode.

Na zauna a kujerar mahaifiyarki, na gatsi gwanda, na ce ba zan ba kowa ba. Allah Ya sa ba wanda ya leƙo. Ɗan'ikko bai kula ni ba da farko, daga baya ya miƙo wuya. Yanzu yana cin wake da ɗanyar masara, gashin ƙirjin ya fara tsirowa. Ni ma an ce na yi kumatu.

Ranar Juma'a na fita da shi zauren Gwadabe, keji a hannu ɗaya, kwanon Delu a ɗayan. Muna cikin ci sai tsuntsun ya yi gyaran murya. Na ajiye loma. Ya buɗe baki, da muryata sak, ya ce, "Ci mana. Mu biyu muka rage."

Ashe abin da nake faɗa mashi ke nan kullum. Sai Gwadabe ya turo kwanonshi gabana.

Muryarta ban sake ji ba. Duk magariba nakan tsaya gaban keji in ce, "Malam, an sauke," ko zai tuna. Amma da tawa muryar nake faɗa, kuma na san da ita zai maido mani.

Sabuwa ta ce ke kika ɗauko muryar uwarki. Na san aiki ya yi maki yawa, ban ce ki taso ba. Amma in kin sami hutu, ki zo ki faɗa mashi, ko sau ɗaya ne. Ni ina daga zaure.

Allah Ya yi maki albarka.
Mahaifinki, Sammani