Ƙofa Ta Uku, Ranar Asabar

Ya ke sanyin idanuna, inuwata a ranar da fili ke tafasa, furen da ya tsiro a bakin ƙofa ta uku, ina gaishe ki.

Maki uku suka rage mana. In muka ci wasan Asabar, ƙungiyarmu ta haye babban rukuni, abin da na shekara goma sha tara ina dukan ganga dominsa har tafina ya yi kanta. Kowa murna yake, ban da ni. Kin dai ji shugaban ƙungiya: filinmu bai cika sharaɗi ba, in mun hau sai a koma babban fili, inda na'ura ce ke karɓar tikiti. To ke fa, mai yaga mana tikiti? Yayanki ya gaya mini, yana dariya bai san yanka ni yake ba, wai da aikin ya ƙare za ki koma wajen gwaggonki, tafiyar yini guda a mota.

Bari in tona wa kaina asiri. Makon jiya da abokan karawarmu suka buga ƙwallo ta daki turke, jama'a na hamdala, sai na ji zuciyata tana cewa ina ma ta shiga. Ni, mai gangar magoya baya! Mai walda da ke zama gefena ya ƙura mini ido, ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. Tun ranar nake tsoron kaina. Ina tsoron mu faɗi, ina tsoron mu ci, wane irin mai goyon baya kika mayar da ni?

Kin tuna ranar da ruwa ya ɓalle, na fake a rumfarki don kada fatar gangata ta jiƙe? A nan kika gaya mini shekara huɗu kina tsaye a ƙofar nan, baki taɓa ganin ƙwallo ta shiga raga ba, da kunne kike kallo. Ihun da ya tashi gaba ɗaya an ci, wanda ya karye a tsakiya an ɓarar. Har kika tsokane ni, wai in ana cinmu kiɗana sauri yake kamar kaza ta ga shaho. Muryarki a ranar ta fi ruwan sanyi, na shiga fili ban san wa ya ci ba.

Ga abin da na yanke. Na miƙa wa mai walda gangar, ko da zai ɓata kiɗan. Ranar Asabar zan sayi tikiti, ki yaga, amma ba zan shiga ba. Zan tsaya a gefenki, bayana ga fili, in ji wasan yadda kike jinsa. Roƙona ɗaya ne, ya rabin raina: ki yarda in turo baffannina wajen Babanki. Don Allah ki amsa mini kafin alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe, domin daga nan jama'a za su kwararo ta ƙofarki, ina tsoron in waiga ban gan ki ba.

Naki ke kaɗai, mu hau ko mu zauna, har ƙasa ta rufe idona,
Mai ganga.