Faɗan Garzam da Tsoho Zubak

Ƙofar Mochi, Lahore
6 ga Janairu, 1993

Ɗana Tauqir,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da Nuzhat da yara, kuma iskar tekun Karachi ba ta gama kwashe maka gashin kai ba. Matata, Maminka Sughra, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko an ɗauke layin dogon da ke zuwa Lahore ne.

Tun da editanmu Bhatti Sahib ya sanar a bayan mujalla cewa a fitowar Afrilu ta labarinka Garzam zai kara da Tsoho Zubak, ofis bai huta ba. Katin wasiƙa daga masu karatu ya cika buhu. Jiya mai shayin ƙasan bene da mai ɗinke littattafai sun kusa ba hammata iska, wannan yana cewa ƙarfe, wancan yana cewa tsoho.

To ga nawa ra'ayin, tunda shekara goma sha ɗaya ni ke kwafe labarinka da alƙalamina kafin ya je injin bugu. Zubak ne zai ci. Na sani Garzam mutum-mutumi ne mai tsawon bene uku, idonsa na fitar da wutar da ke narka dutse. Amma wa ke ɗaure masa noti in ya kwance? Wa ya ciro shi daga tafkin gishiri lokacin da tsatsa ta riƙe masa gwiwa? Wannan tsohon makanikin kumbon ne, da tarinsa da sifanarsa. Wanda ya san inda aka ɗaure ka ya san inda zai kwance ka.

Sai magana ta biyu, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. An kawo kwamfuta ofis. Tana nan cikin kwali kusa da tabarmata, muna hararar juna. An sallami katibai uku masu rubutun hannu, saura ni. Bhatti Sahib ya ce labarinka ne ke sayar da mujalla, don haka kai za ka zaɓa: a ci gaba da rubuta shi da hannu, ko a ba inji. In ka ce hannu, ina da wurin zama. In ka ce inji, in naɗe tabarmata. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ƙanwata ta kawo ka ɗakina kana ɗan shekara tara, yau dai na roƙa.

Allah ya yi maka albarka.
Mamunka, wato kawunka,
Meraj Din, katib

Nazimabad, Karachi
19 ga Janairu

Mamu jan,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaida Mami.

Wasiƙarka ta ba ni dariya har Nuzhat ta leƙo. Zubak ya kayar da Garzam? Da me, da tari? Mamu, mu yi maganar hankali. Garzam yana ɗaga kumbo da hannu ɗaya. Yana gani a duhu, ba ya barci, ba ya neman tabarau ƙarƙashin matashi. Kafin Zubak ya tuna aljihun da ya sa sifana, an mayar da shi toka. Ka ce ya san notin. Sanin noti daban, isa wurin noti daban. Wa zai ba shi tsani?

Tunda ka ce ba kwana-kwana, ni ma ba zan yi ba. Ka san daga ina na samo Zubak? Tarin nan, da jan bakin mai tauna paan, ganyen nan mai rina baki kamar goro, da yadda yake wa kowa huɗuba a kan zamanin da, duk naka ne. Na sa shi ne don yara su sami abin dariya tsakanin faɗa da faɗa. Ban yi zaton zai kai shekara goma sha ɗaya ba, kuma gaskiya ya ishe ni.

Batun inji kuwa, na riga na ba Bhatti Sahib amsa ta waya. Hannunka ya fara rawa, Mamu. Ka dubi fitowar Disamba, layukan suna gangarowa kamar akuya a kan tudu. Duk mujallun Karachi sun koma kwamfuta, ni kaɗai ake bugawa kamar laya. Na roƙa maka alfarma ɗaya: fitowar Afrilu kai za ka rubuta, ta ƙarshe. Ka ga ka yi bankwana da mutumin naka da hannunka.

Ka huta haka nan, ka riƙa zuwa masallaci da wuri. Ka yi abin da ya dace da shekarunka.

Ɗanka,
Tauqir

Ƙofar Mochi, Lahore
2 ga Fabrairu

Zuwa ga babban marubuci Tauqir Anjum,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa gwargwadon girmanka, wanda na ga ya ƙaru ƙwarai.

Na gode da bayanin asalin Zubak. Wato kai a ganinka ban sani ba. Tun shafi na farko da ka sa shi ya tofar da jan yawu a cikin kumbo na gane kaina. Na yi dariya, na ce yaron nan dai yana kallona. Ban san kallon raini ba ne. Ya yi mini ciwo, Tauqir, ba zan ɓoye ba. Maminka ta karanta wasiƙar, ta ajiye, ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Mu koma kan faɗanmu. Ka ce wa zai ba Zubak tsani. Ba ya bukata. Garzam da kansa yake durƙusa masa duk wata a zuba masa mai a wuya. Ƙato ne, amma bai taɓa kwana biyu ba tare da tsohon ya taɓa shi ba. Shi bai san haka ba, domin ana yi masa gyaran ne yana kashe. In ya farka ya ji jikinsa garau, sai ya ɗauka haka Allah ya yi shi.

Bari in yi maka tambaya. Maganar nan ta Zubak da yara ke rubutawa a bangon makarantu, “Ƙarfe ba ya jin tsoro, shi ya sa ba ya daɗewa,” ka tuna ranar da ka rubuta ta? Ka yi tunani da kyau. Kai ba ka ajiye kwafi. Kana rubutawa a gurguje, ka jefa a akwatin gidan waya, bayan wata biyu ka gani a buge, ka ce kai, ashe na iya. Mu katibai tun zamanin malamaina ba a san mu da wuce rami ba tare da mun cike shi ba. Nakan taɓa nan da can, abin da zan ce ke nan.

Hannuna yana rawa, gaskiya ne. Ban musa ba.

Wanda ya koya maka riƙe alƙalami,
Meraj Din

Karachi
11 ga Fabrairu

Mamu,

Salam.

Ban taɓa zaton tsufa zai kai ka ga wannan ba. Don an ce ka tashi daga tabarma, sai ka ce kai ka haifi labarin? Mai wankin mota ma yakan ji kamar tasa ce. Kai katibi ne. Aikinka ka ga baƙi ka mayar da baƙi, kamar yadda jaki ke kai littattafai makaranta ya dawo jakinsa. Sunana ne a kan mujallar, ni ake gayyata makarantu, ni yara ke rubuto wa.

Ga kashin labarin na Afrilu nan a cikin ambulan. Garzam ya ci, kamar yadda duk mai hankali ya sani. Kuma ga sharaɗi, na aika wa Bhatti Sahib irinsa: kada ka ƙara kalma, kada ka rage kalma. Abin da na rubuta shi za ka kwafe. Wannan karon na ajiye kwafi, zan bi shi layi-layi. In na ga ka taɓa nan da can ɗin naka, zan sa a buga a shafin farko cewa tsohon katibinmu ya ruɗe.

Mu ga yadda labarin zai mutu don ba ka sa masa hannu ba.

Tauqir

Lahore
9 ga Maris

Tauqir,

Assalamu alaikum. Umarninka ya iso, an kuma bi shi.

Na feƙe sabon alƙalamin kara, na dama tawada mai kyau, na ɗaure wuyan hannuna da tsumma don kada ya yi rawa. Kwana tara na yi a kan shafi goma sha shida. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba, Bhatti Sahib da kansa ya faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Inda ka ɗauki shafi uku kana lissafa maɓallan ƙirjin Garzam, na lissafa su duka. Inda Zubak ya ga mutuwa ya ce, “Wayyo, ya fi ni ƙarfi, na mutu,” haka na sa ya faɗa. A wurin ne kawai na ajiye alƙalami na fita na sha iska.

Na naɗe tabarmata ranar Alhamis. An ɗora kwamfutar a wurin.

Wassalam.
Meraj Din

Nazimabad, Karachi
24 ga Mayu

Mamu jan, abin ƙaunata, wanda ya riƙe ni a matsayin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, tarin ya yi sauƙi, Mami ma tana lafiya. Na rubuto sau biyu ban ji amsa ba.

Na san labari ya iso maka. Bayan fitowar Afrilu katin wasiƙa ya cika buhu biyu, kuma ba mai zancen wa ya ci. Tambaya ɗaya suke yi: wa ya rubuta wannan? Wata yarinya daga Multan ta ce, “A gaya mana gaskiya in Tauqir Anjum ya rasu ne aka ba wani.” Wani malamin makaranta ya ce ba kashe Zubak ne ya ɓata masa rai ba, yadda aka sa shi ya mutu kamar kaza ne. Na ce zafin rabuwa ne, zai wuce. Sai na Mayu ya fito daga kwamfuta, layuka a miƙe tas, 'yan talla suka dawo da rabi ba a saya ba.

Makon jiya Mami ta aiko mini da ƙunshi ta hannun wani direban jirgin ƙasa. Tsofaffin rubuce-rubucena ne na shekara goma sha ɗaya, ashe kana ajiye su a akwatin ƙarfen nan. Ba ta haɗo da ko gaisuwa ba. Na baje su a ƙasa, na ɗauko mujallun, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A wurin da Zubak ya ce ƙarfe ba ya jin tsoro, abin da na rubuta shi ne, “Mu gudu!” Ranar da Garzam ya ɗauki gawar karen kumbo ya tambayi Zubak inda ake sa masa batir, wadda ta sa mutane kuka, babu ita a takardata ko kaɗan. Nawa faɗan ne da maɓallai. Duk inda mutum ya yi magana kamar mutum, kai ne. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kasa kallon Nuzhat.

Mamu, ka yi gaskiya, Zubak ne zai ci. Na yarda. Na ma samo hanya: ashe ba shi Garzam ya ƙona ba, wani mutum-mutumi ne mai kama da shi, shi yana ɓoye a cikin wuyan Garzam da sifanarsa. Bhatti Sahib ya ba ni fitowa biyu, in labarin bai farfaɗo ba zai rufe shi. Maganar tabarma ya ce ta wuce, ya riga ya saba da inji. Amma ba sai ka je ofis ba. In aiko maka gida, ka taɓa nan da can yadda ka saba, ka mayar mini, in kai musu. Ba wanda zai sani.

Ga kashin Yuli nan. Don darajar mahaifiyata, ka duba.

Ɗanka mai neman gafara,
Tauqir

Ƙofar Mochi, Lahore
3 ga Yuni

Tauqir,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina zuwa masallaci da wuri, kamar yadda ka ba da shawara.

Ga ambulan ɗinka na kashin Yuli nan, ban buɗe ba. Na karanta wasiƙarka har sau uku ina neman inda ka ce za a sa sunana, sai na tarar da “ba wanda zai sani.”

Ka daina musu da kanka. Kai ka yi gaskiya tun farko, Garzam ne ya ci. Ina wurin, da hannuna na rubuta. Zubak ya mutu a shafi na goma sha shida, kuma matacce ba ya ɗaure wa kowa noti.

Sandan karan da za ka gani tare da wannan takarda alƙalamin da na kashe shi da shi ne. Ka riƙe, ni ba ni da abin yi da shi.

A gaida Nuzhat da yara.
Meraj Din